Sunan da Ba Na Faɗa

Gidan Ɗorawa, ta Makoɗa
9 ga Yuli, 2024

Yaya Tahira,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Da fatan ke da maigidan da yara kuna lafiya. Mu nan sai godiya. Ruwa ya zauna, an gama noman farko, gero ya kai gwiwa. Baba can gida yana fama da ƙafarsa amma yana fita masallaci. Ya ce in gaishe ki, in kuma tuna miki cewa shi da marigayiya Goggo Fadima mahaifiyarki 'ya'yan wa da ƙane ne, don ya ga alamar Abuja tana sa mantuwa.

A takarda na rubuta, maigidana zai ɗauki hotonta ya turo miki in ya shiga Makoɗa, don a nan sai an hau tudu ake samun sabis. Kuma na san halina. In na kira ki a waya faɗa zan yi ta yi har kati ya ƙare ban faɗi abin da ya kawo ni ba.

Kin san wata goma sha huɗu ke nan ina riƙe da zaman iyaye na Gidauniyarku ta Tabarmar Gida a garin nan, a matsayin 'yar sa-kai. Duk Talata da Asabar da hantsi mata suna taruwa a tsakar gidan surukata da 'ya'yansu 'yan shekara uku zuwa biyar, ina nuna musu yadda za su koya wa yaro ƙirga da ƙwayar gyaɗa, da sanin launi da ƙyallen atamfa, da yadda za a ja tatsuniya yaro ya ƙarasa. Da mata huɗu na fara. Ni na bi gida gida, ni na sha "sai mai gidan ya dawo", har suka kai talatin da ɗaya. Da aka ce za a ɗauki jagorar iyaye ɗaya a kowane ƙauye, da horo da takardar kama aiki, garin nan kaf ba wanda ya yi tunanin wata ba ni ba. Ni ma na ce to, takardar NCE ɗina ta Bici da ta shekara biyar a ƙasan akwati za ta ga rana.

Sai kuka turo mana wata Malama Khairiyya mai gilashi da kwamfutar hannu ta zo gwaji. Komai ya tafi daidai, har tana gyaɗa kai. Can sai ta ce in zauna da 'yata in nuna yadda uwa za ta yi. Na ce mata ga yara nan sun fi talatin, ta zaɓi wanda take so. Ta ce, "No, taki muke so." Ta duba rajista ta ce in kira ta da sunanta na yanka, in ɗora ta a cinya.

Yaya Tahira, yarinyar nan da suke ce wa Ummi 'yar farina ce. Sunan surukata Inna aka sa mata, kuma Inna tana zaune a kan turmi, tsakanina da ita bai kai taku uku ba, ga tsofaffin gari a gefenta. Wane baki ne zan buɗe? Na sunkuyar da kai na ce wa yarinyar ta ƙirga gyaɗar, ta ƙirga har ashirin ba tuntuɓe. Malamar ko ta kalli gyaɗar, danne-dannenta kawai take yi.

Shekaranjiya aka liƙa sunaye a bangon firamare. Kowane ƙauye da sunan mutum a gabansa, Gidan Ɗorawa kuwa an rubuta "za a kawo daga waje". Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba, kuma har yanzu bai sauka ba. Ke kina babban ofis. Ki duba mini abin da na yi, don ni ban ga laifina ba.

Ƙanwarki,
Ramlat

Abuja
30 ga Yuli, 2024

Ƙanwata Ramlat,

Wa alaikumus salam. Ki yi haƙuri da jinkiri, muna Kaduna wajen bita mako biyu, sai da na dawo na ga saƙonki. Muna lafiya, ƙaramin ne ya yi mura ya warke. Allah ya ba Kawu lafiya, ki ce masa ban manta da kowa ba, aiki ne ya sha kaina. Na ba direban motarmu mai zuwa Makoɗa wannan takarda ya kawo miki hannu da hannu.

Na nemo rahotonki na karanta. Ramlat, a yawan mata da kayan wasa da tsari ba wadda ta kama ƙafarki a duk yankin, na yi alfahari da ke. Matsalar a kashi na huɗu take, wato kusancin uwa da yaro. Abu huɗu ake dubawa: ta kira shi da sunansa na yanka, ta kalle shi ido cikin ido, ta ɗauke shi a cinya, ta yabe shi a fili. Ba ki samu ko ɗaya ba, kuma dokar ita ce wadda ta faɗi wannan kashi ta faɗi duka. Maganar da ke gaban ofis ita ce, uwar da ba ta iya kallon 'yarta ba, me za ta koya wa sauran iyaye?

Ba zan ɓoye miki ba, ina cikin waɗanda suka tsara fam ɗin, kuma ba da ka muka yi ba. Malaman aji ɗaya sun sha kawo mana kuka cewa sai a kira rajista yaro yana zaune bai amsa ba, don bai san sunansa ba ne. Yaro kuma yana buƙatar ya ji daga bakin uwarsa cewa ya yi ƙoƙari. Aikinmu ke nan gaba ɗaya, a jawo iyaye cikin karatun 'ya'yansu tun suna ƙanana.

Na san da maganar kara da alkunya, ni ma ba daga sama na faɗo ba. Amma in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Zan roƙa a sake miki gwaji, ina ganin za su yarda. Ke dai ki daure. Maimunatu ce fa kawai, kalma ɗaya, minti ɗaya, shi ke nan aiki ya zama naki. Kada ki bari abin da bai taka kara ya karya ba ya raba ki da abin da kika sha wahala a kansa.

Ki gaida maigidanki Hashimu da Inna da yara.

Yayarki,
Tahira

Gidan Ɗorawa
6 ga Agusta, 2024

Yaya Tahira,

Salamu alaikum. Muna lafiya, ruwa ya yi yawa har katangar bayan gida ta zube, ba wanda ya ji ciwo. Gaisuwar ke nan, don yau ba ni da doguwa.

Uwar da ba ta iya kallon 'yarta ba. Ke kika rubuta mini wannan da hannunki, kika ninke, kika ba direba ya kawo mini har gida. Da Malama Khairiyya ce ta faɗa sai in ce rashin sani ya fi dare duhu, yarinya ce ta tashi a gidan da uwa ke kiran ɗan fari "sweetie". Amma ke? Sau uku na karanta ko idona ne.

Bari in gaya miki yadda ba na kallonta. Bara da ƙyanda ta kama ta, ni na goya ta a ƙafa har asibitin Makoɗa cikin ruwa don babur ya kasa wuce taɓo. Ƙirgan da ta yi har ashirin a gaban malamarku, wa kike zaton ya koya mata? Ƙaninta ɗan shekara biyu nake zaunarwa in yi ta ƙirga masa wake da ƙarfi, shi bai san abin da ake yi ba, ita kuma tana bakin ƙofa tana ɗauka. In ta iya sai in ce wa Inna, "Yarinyar gidanki ta fara kai goma." Inna ta jawo ta, ta yi mata kirari, ta tsokane ta, ta ba ta ƙuli. Ni in shirya, kaka ta yaba. Haka gidan nan yake tafiya, kuma yarinyar ba ta rasa komai ba. Fam ɗinku yana da gurbin kaka? Ba shi da shi.

Kuma kin san yadda aka yi mata huɗu suka zama talatin da ɗaya? A cikinsu goma sha biyu 'ya'yan fari suke kawowa. Da farko sun ƙi zuwa, suka ce ba za su zauna a gaban surukansu suna wasa da ɗan fari ba kamar marasa mafaɗi. Ni na zauna na yi tunani na ce a yi musaya. Kowace ta ɗauki ɗan farin wata a cinya, ta kira sunansa, ta yabe shi, tata 'yar kuma tana cinyar maƙwabciya tana jin nata sunan. In an koma gida, a ɗaki, kowace ta san yadda za ta yi da nata. Yaran nan duk sun san sunayensu na yanka, ki zo ki kira rajista ki gani. Malamarku ta ga wannan da idonta, ta tambaye ni me ya sa matan suka rikita yaran. Rikitawa! Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ku kuna Abuja cikin sanyin na'ura kuna auna mana soyayya da akwati huɗu.

Kin ce kalma ɗaya ce. Kalmar nan sunan matar da ta haifi mijina ce, wadda ta yi mini wankan jego da hannunta. In na faɗe ta gatsal a gabanta, a gaban gari, da wane ido zan miƙa mata ruwan alwala? Kuma wace uwar miji ce za ta sake barin surukarta ta zo tabarmata?

Ke ma 'yar fari ce, in kin manta. Goggo Fadima ta taɓa kiran sunanki? Ta taɓa ɗora ki a cinya a gaban mutane? Ga ki nan kin yi digiri biyu, har kina tsara wa mutane fam. Me ya rage ki da shi?

Ramlat

Abuja
12 ga Satumba, 2024

Ramlat,

Assalamu alaikum. Ina fata an gyara katangar, kuma kowa lafiya. Mu ma lafiya. Wannan karon ba bita ce ta hana ni rubutu ba. Fushi na yi, kuma sai da na bari ya ɗan huce.

Da farko, waccan magana ba tawa ba ce. Daga rahoton Khairiyya na kwafo ta don ki san abin da ake faɗa a ofis. Laifina ne da ban bayyana ba, ki yafe mini wannan. Ban taɓa zaton ba kya son 'yarki ba.

Amma kin tambaye ni me ya rage ni da shi, to bari ki ji. Ranar da muka gama firamare a Kano ni na zo ta ɗaya. Aka kira ni a lasifika, na karɓi kyauta, na juyo ina neman fuskarta a cikin iyaye. Ta sunkuyar da kai tana gyara mayafi kamar 'yar wani aka kira. Maƙwabciyarmu ce ta yi guɗa. Da ta kwanta ciwon ajali kwana tara na yi a gefen gadonta, ni ke juya ta, ni ke ba ta ruwa. Ƙannena tana kiran kowa da sunansa, ni kuwa "ke". Har ta cika ina jira. Na san tana sona, ba sai kin gaya mini ba, na ga abin da ta jure don in yi karatu. Amma wannan sanin na babba ne. Yarinya 'yar shekara huɗu ba ta san kara ba, abin da ta sani shi ne an ɗauki ƙaninta ita ba a ɗauke ta ba. Kin ce Ummi ba ta rasa komai ba. Kin taɓa tambayarta? Ni ma ba wanda ya tambaye ni, kuma ba na son a riƙa nuna ni ana cewa ga shaida ba ya cutarwa.

Yanzu maganar aiki. Dabararki ta musaya na kai ta gaban taro, na yi faɗa a kanta har shugabarmu ta ce in sassauta murya. Sun yarda dabara ce mai kyau, sun yarda fam ɗin yana da gyara. Amma ba a taɓa shi sai sabuwar shekara, sai masu tallafa mana sun sa hannu, ɗaukar ma'aikata kuwa ƙarshen watan nan za a rufe. Abin da na iya samo miki shi ne gwaji na biyu, ranar Asabar 28 ga wata, da Khairiyya, da fam ɗin nan dai yadda yake. Na nemi a ba ki wani yaron aka ce in an yi miki sai an yi wa kowa.

In ba ki yi ba, wata za su kawo daga Bici ta riƙa zuwa a babur, wadda ba ta san sunan kowa ba, kuma ta rushe musayar taki a mako guda. Ba na ce miki abu ne mai sauƙi ba, na janye wannan. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shawara tana hannunki.

Yayarki,
Tahira

Gidan Ɗorawa
8 ga Oktoba, 2024

Yaya Tahira,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. Mun gama yankan gero, an fara cirar gyaɗa, Allah ya sa albarka bana. Maganar Goggo da kika rubuta ta sa ni kuka. Ban sani ba, kuma bai kamata in soke ki da ita ba. Ki yafe mini, Allah ya jiƙanta.

Na yi gwajin. Maigidan kaɗai na gaya wa abin da za a sa ni, ya ce, "Ke kika sani, ni dai ranar ina gona." Amma kin san gari, kafin Asabar magana ta zaga. Matan da ba su taɓa taka tabarmar nan ba ranar sun zo, har da masu leƙe ta kan katanga. Ba karatu ya kawo su ba, sun zo su ga ko Ramlat za ta iya.

Aka shimfiɗa tabarma, Inna tana kan turminta, yarinyar tana gabana. Malama Khairiyya ta ce bismillah. Sai Inna ta miƙe ta ce, "Af! Na bar akuya ta shiga gyaɗar mutane." Akuyar nan tana ɗaure a turke a gabanmu tana tuƙa, kowa yana ganinta. Ta ja mayafi ta fita, tsofaffi bakwai suka tashi suka bi ta, wai za su taya ta kamu. Ba wadda ta kalle ni. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige, don na san kunyata ta ɗauke mini ta ɗora wa kanta, tsohuwa ta bar gidanta saboda takardar wasu.

Na faɗi sunan. Muryar da ta fito ban san ta ba. Yarinyar ta zaro ido, ta yi tsalle ta toshe mini baki da hannu ta ce, "Amarya, ba a faɗa! Sunan Inna ne!" Har yau Amarya take ce mini, yadda ta ji 'yan gidan suna faɗa. Mata suka kwashe da dariya, wasu suka rufe fuska. Na ɗora ta a cinya, ta zauna ƙiƙam kamar baƙuwa. Na kalle ta, na ce ta yi ƙoƙari. Malamarku ta danna sau huɗu ta ce, "Excellent." Ranar Alhamis takardar kama aiki ta iso.

Na gode da faɗan da kika yi mini a ofis, amma kada ki zaci na huce. Kwana uku na kasa haɗa ido da Inna, ita kuwa ko a fuska, sai ma ta ƙara mini miya. A wurin injin niƙa an sa mini suna "mai kiran suna". Abin da ya fi ci mini rai, biyar daga cikin masu 'ya'yan fari sun daina zuwa, suna tsoron a ce su ma su yi. Wata goma sha bakwai ina lallashinsu, kun kore su da minti ɗaya.

Kuma tsoronsu gaskiya ne. A cikin ambulan ɗin da aka kawo mini takardar aiki akwai fam talatin da ɗaya, irin wanda aka kayar da ni da shi, wai in auna matan garin nan duk wata uku. Ni, in zauna in rubuta wa matar da ta goya ɗanta ta yi noma da shi cewa ba ta kusa da shi. Na sa reza na yanke kashi na huɗu daga dukkansu. Ga guntayen nan na ba direba ya kawo miki, ki ajiye su a teburin shugabarku. Sauran kashi ukun zan cika tsakani da Allah, musaya kuma tana nan daram, gobe zan fara bin gidajen matan nan biyar. In wannan laifin kora ne, to ku kore ni, akwatin da takardar NCE ɗina ta shekara biyar a ciki bai cika ba.

Kin tambaye ni ko na taɓa tambayar yarinyar. Ban tambaye ta ba, kuma da ba ni da niyya. Shekaranjiya Inna ta tafi barka, sai ni na zauna tsefe mata kai a bayan rumbu, ba kowa a gidan. Muna cikin yi ta ce a hankali, ba ta ko juyo ba, "Amarya, sake faɗa." Na ce in faɗi me? Alhali kuwa na sani. Na waiga dama, na waiga hagu, na faɗa. Ta ce, "Na'am." Can ta ce in sake.

Ban yafe wa fam ɗinku ba, Yaya Tahira, kuma ba zan sa wata ta yi abin da aka sa ni a gaban jama'a ba. Amma sau biyar na faɗa kafin mu ji sallamar Inna a zaure.

Ƙanwarki,
Ramlat